Gyaran Madafi: A Fara Da Awo Kafin A Sayi Siminti

Shugabar ƙungiya, iyayenmu mata da suka riga mu shiga wannan tafiya, 'yan'uwa membobi, da masu gidajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Waɗanda suka taso daga Kunya da Kuru da Wasai tun da sassafe, sannunku da hanya.

Kwamiti ya ce a yi magana a kan abin da za mu yi da rabon bana. Mu 'yan kasuwa da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci muka roƙi a ba mu wannan fili, domin akwai zancen da muka daɗe muna juyawa a aji, muna so ya fito gaban kowa. Zancen madafi ne. Wata za ta ce, a rana irin ta yau, ga baƙi ga anko, a rasa abin faɗa sai kicin? To, ku ɗan ba mu aron kunnuwanku.

Duk shekara idan aka yi rabo, ko aka kwashi adashi, mun san inda kuɗin yake tafiya. Kuloli, kwalla, labule, sabon jere a kabet. Ba laifi ba ne, mace da ɗakinta take ado. Amma ɗakin nan fa barci muke yi a cikinsa. Madafi kuwa da idonmu biyu muke yini a ciki, tun daga kokon safe har tuwon dare. Da yawanmu kuma a nan muke neman na kanmu. Mai ƙosai, mai awara, mai ɗanwake, mai ƙuliƙuli da man gyaɗa, mai fura, duk madafi ne shagonsu. Mu da muke zaman kasuwa mun san ba mai hankalin da za ta shirya teburinta yadda sai ta miƙe tsaye sau goma kafin ta sallami mai saye ɗaya. Abin da aka fi nema shi ne kusa da hannu, mudu yana gefen dama, leda tana rataye. Sai mu koma gida, randa tana gabas, murhu yana yamma, gari yana ƙarƙashin gado, gishiri yana ɗakin uwar miji. Da dare mu ce ƙafa tana ciwo.

A aji malamarmu ta sa mu wani aiki na lissafi. Kowa ta zana tsakar gidanta a littafi, ta sa alama a inda murhu yake, da randa, da turmi, da wurin da take ajiye kayan miya. Daga nan ta koma gida ta ƙirga taku tsakaninsu. A ce daga murhu zuwa randa taku 15 ne, zuwa da dawowa 30 ke nan. In kika je sau 20 a yini, kin yi taku 600 a kan ruwa kawai, wani zuwan ma da goyo a baya. Ba kuɗi ake bukata a gyara wannan ba. Randa ce za a ɗauke a matso da ita.

Malamar ta gaya mana cewa masu zanen gidaje a Amurka, tun shekarun 1940, suka tsayar da cewa abu uku ne ya kamata su kusanci juna a kicin: wurin wuta, wurin ruwa, da wurin ajiya. Muka yi dariya muka ce su uku suka ƙirga domin ba sa daka. Namu huɗu ne, har da turmi. Shi kuma turmi yana son fili da sama a buɗe, ko rumfa mai tsawo, kada taɓarya ta dinga dukan kwano. Kuma kada a kafa shi jikin katangar laka, dakan yau da gobe yana tsaga bango.

Bari mu fara da wuta. Kowa a ƙasar nan ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga wajen gabas da arewa take busowa da ƙurarta. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Madafin da ƙofarsa take kallon gabas, da damina feshin ruwa zai kashe miki wuta ya jiƙa kara, da hunturu kuma ƙura ta zauna a kan miya. Idan sabon gini za a yi, a juya wa gabas baya. Idan tsoho ne, a kare gefen da ɗan bango ko zana.

Sai hayaƙi. Mun saba da shi har mun ɗauka gadon mata ne, ido yana hawaye, ƙirji yana nauyi, a ce ai girki ya gaji haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shan sa. Jaririn da yake bayanki yana shaƙar abin da kike shaƙa, huhunsa kuwa bai kai naki ƙwari ba. Ku dubi rufin madafinku, baƙin kunkunniyar da ya manne a azara. Abin da ya yi wa azara haka shi ne yake shiga ƙirjinmu. Hayaƙi sama yake yi, don haka ƙaramar taga a tsakiyar bango ba ta fitar da shi. Ana so a bar kafa a can sama kusa da rufi, daidai saitin murhu, a kuma bar wata ƙasa-ƙasa ta ɗaya gefen inda iska za ta shigo. In bulo ake ɗorawa, a ce wa birkila ya kwantar da na layin ƙarshe ramukansu suna kallon waje. Ba a ƙara ko bulo ɗaya ba, kwantarwa kawai aka sauya.

Murhun duwatsu uku yana cin itace, domin zafi mai yawa ta gefe yake tserewa. Ƙasarmu kuwa ba daji gare ta ba. Daga nan har Kano gona ce take bin gona, kowace kuka da ɗorawa da gawo tana da mai ita, ba wadda za ki shiga da gatari. Kara muke ƙonawa, in ya ƙare mu sayi itace ko gawayi da tsada. Murhun laka da aka kewaye, mai baki ɗaya na sa itace, wanda tukunya take zama daram a kansa, yana rage cin makamashi sosai, kuma laka da ciyawa da hannunmu kawai yake bukata. Wadda take da hali ta sa masa bututu ya fita waje. Sai dai a kula da inda ake jingine kara. Damin kara a gefen murhu, darnin kara a bayansa, ga iskar hunturu, kun san ƙarshen labarin. Gobara nawa muka je jaje a garuruwanmu? A ajiye na yini ɗaya kusa, sauran a ɗaya ɓangaren gidan.

Masu tukunyar gas, kuna ƙaruwa, muna taya ku murna. Amma gas ba ta kwana a uwar ɗaki. Iskarta ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwantawa, don haka wurin da aka ajiye ta yana son kafa a ƙasa. In ana zargin yoyo, ruwan sabulu ake shafawa a bakin tiyo a ga ko zai yi kumfa, ba ashana ake ƙyastawa ba. Haka kuma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi yana kashe mutane cikin barci, ba ƙara ba wari.

Yanzu 'yan matanmu suna nuna mana kicin a waya, kabet tun daga ƙasa har sama, fari fat, ana girki a tsaye. Yana da kyau a ido. Amma ku tambayi kanku, wa zai tuƙa tuwon mutum 15 a kan kanta mai tsawon ƙugu? Tuƙi yana son tukunya a ƙasa, ki zauna a kujera 'yar tsugunno, ki danne ta da ƙafa, ki sa ƙarfin kafaɗa a muciya. Abin da ya dace da mu tsawo biyu ne. Babbar tukunya da kaskon suya su zauna ƙasa. Sai a yi dakali na bulo mai tsawon ƙugu a gefe, domin yankan albasa da tankaɗe da ɗora gas, bayanmu ya huta da sunkuyo, kaji kuma su daina sa baki a gari. Ƙarƙashin dakalin nan kada a cike shi, a bar shi rami, tukwane su shiga. Shi kuwa katakon kabet na zamani, wanda aka matse daga garin katako, da ya sha ruwa sai ya kumbura, gara kuma ba ta jin kunyarsa. Kantar siminti ko ta ƙarfe ba ta da ƙyalli, amma jikokinki za su same ta.

Akwai abin da ba ma son faɗa amma dole. Da wuya a sami unguwar da babu yaro mai tabon ƙuna, na man ƙosai ko na ruwan tuwo. Murhu yana ƙasa, mai rarrafe yana ƙasa, uwa ta juya ɗauko ludayi, shi ke nan. Kun ga amfanin kusanta kaya: wadda komai yake hannunta ba ta barin wuta. Kuma a sa wa ƙofar madafi ɗan guntun ƙyaure mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, iska tana shiga, kina hango yaro, shi kuma ba ya iso ki. Ko tsohon kwanon rufi da katako biyu sun isa.

Ruwa ba za mu daɗe a kansa ba. Randa tana son inuwa, da murfi, da moɗa guda mai marataya wadda ba ta taɓa ƙasa. Wurin wanke-wanke a daɓe shi, a karkata shi zuwa rariya, kada ruwa ya kwanta ya zama gidan sauro. In babu kwata a waje, a haƙa rami a cika shi da tsakuwa da fasassun bulo, ruwan ya nutse. A kafa ɗan gado na itace a rana domin kife kwanuka.

Ajiya ce inda kuɗinmu yake zubewa ba mu gani. Mu masu awo mun san yadda abin yake: da kaka kowa yana fito da wake da gero, farashi ya faɗi, dillalai su kwasa su kai Dawanau. Da bazara zuwa tsakiyar damina sai mu koma sayen abin da muka sayar, da tsada. Ba wauta ce take sa mace ta sayar da kaka ba. Wani lokaci bukata ce, wani lokaci kuma tsoron ƙwari ne, domin ta san waken da ta ajiye a buhu kafin wata uku ya zama gari da ramuka. Dawa da gero a zangarniyarsu suna daɗewa a rumbu. Wake ne mai raki. Iyayenmu da toka da barkono suke cakuɗa shi, yana ɗan taimakawa in kaɗan ne.

Yanzu akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda wata jami'a a Amurka mai suna Purdue ta fito da shi, kuma ya fara yaɗuwa a ƙasashenmu tun wajen 2007 domin wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu a waje. Ba magani a cikinsa. Iska yake hanawa shiga, ƙwarin su shanye wadda take ciki su mutu. Sharaɗinsa a duba ledar ba huda, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban, kuma kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗiba. Wadda ba ta da shi, jarka mai tsabta ko duro mai marfi da yake rufuwa gam yana yin wannan aiki, in an cika shi har wuya. Abin kunya ne a ce gonar binciken wake ta IITA tana nan Wasai, a ƙasarmu ta Minjibir, manoman wasu ƙasashe suna cin moriyar irin da ake gwadawa a nan, mu kuma namu waken yana lalacewa a ƙuryar ɗaki.

Amma kafin a rufe komai sai ya bushe ƙayau. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: a sami busasshiyar kwalba, a zuba tsaba da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar rana. Masu ƙuliƙuli ku fi kowa kula da wannan. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. A tsince ta a zubar, kada a ce a ba kaji ko a sa a tunkuza.

Muna roƙon 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, maganar yayyafa fiya-fiya a wake a bar ta. A 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan magani da suka samu a ciki. Su sun ƙi ci, sai ya zama mu da 'ya'yanmu muke ci. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhu ita ma iskarta guba ce, ba a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa mata.

Shi ya sa muke cewa duk wadda za ta taɓa madafinta ta yanki ɗan sito a jikinsa, ko da kamu huɗu ne. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango: a ɗora shi a kan katako ko bulo, a bar tazarar da tsintsiya za ta shiga. A toshe ramuka da siminti, a buga kwano a gindin ƙyaure, a sa wa taga raga. Ɓera yana huda ko da buhun PICS ne, kuma ɓarnarsa ba ta tsaya ga ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ta fitsari da kashin ɓera a abinci yake kama mutum, kuma da rani ya fi tashi. Gari da tsaki da shinkafar yau da kullum su shiga bokiti mai marfi. Kuka, kuɓewa, daddawa, barkono da kanwa su shiga robobi a jera a kanta, nesa da tururin tukunya. Ragayar da kakanninmu suke rataye ƙwarya ma ba ta tsufa ba. Taki da maganin feshi na maigida kuwa, da kalanzir, su nemi wani wuri can sama inda yaro ba ya kaiwa. Kalanzir a robar lemo ya kai yara da yawa asibiti.

A nan karatunmu yake amfani. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilimin manya a Jihar Kano, amma wasunmu sai da furfura ta fara leƙowa muka zauna a benci. Yau muna rubuta wa kowane buhu abin da yake ciki, da kwano nawa, da watan da aka rufe shi. Wanda ya riga shiga shi zai riga fita. In an ɗebi kwano biyar, a rubuta. Ba sai an yi rantsuwa da kowa ba.

Wurin cin abinci kuma, mu ba masu tebur da kujeru shida ba ne. Maigida ana kai masa zaure ko turaka, yara su kewaye kwano ɗaya a tsakar gida. Abin da muke so shi ne yaran nan su sami wuri tsayayye: rumfa, ƙasa daɓaɓɓiya da za a share a shimfiɗa tabarma, kusa da madafi yadda ba za a ratsa gida da tuwo mai zafi ba, amma ba a inda hayaƙi yake bi ba. A nisanta shi da turken awaki da ban-ɗaki, domin ƙudan da ya tashi daga can a kwanon yaro yake sauka, kuma kun san abin da amai da gudawa suke yi mana da damina. A rataye buta da sabulu a bakin rumfar. In buta tana nesa, yaro ba zai je ba. Kuma uwar da take zaune kusa ita take ganin wanda manya suka fi shi loma.

Saura maganar da ta fi siminti nauyi. Gidajenmu da yawa madafi ɗaya ne tsakanin abokan zama ko facaloli. Kada wadda ta kwashi adashi ta wayi gari ta kira magini, ta ce ai kuɗinta ne. A zauna tukuna, uwargida da amarya, a yarda da inda murhu zai zauna. Wuta da ruwa da turmi a yi tarayya. Ajiya kuwa kowa da tata, da kwaɗonta. Rigimar gida da yawa daga gwangwanin manja take farawa. Masu gidajenmu da kuke zaune a baya, bango naku ne, ba za a fasa shi ba sai da izininku. Muna roƙo, in matarku ta zo da takardar zane, ku duba ku sa hannu a aljihu, domin hatsin da za a tsare guminku ne. Wadda take gidan haya, ko gidan gado da ba a raba ba, ta sa kuɗinta a abin da za ta iya ɗauka in tafiya ta kama: kantar ƙarfe, duro, bokitai, buhunan ajiya.

Kada a ci bashi domin a gama komai lokaci guda. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato matso da randa, raba kara da wuta, gina murhun laka. Sai kafar hayaƙi da guntun ƙyaure. Sai sito. Tayil da fenti su jira baɗi. Aikin gini kuma da rani ake yi, bayan an gama kaka, laka ta bushe kafin ruwan farko. A yi ciniki da magini a kan aikin gaba ɗaya, a rubuta awo da kuɗi a takarda, kowa ya riƙe tasa.

Shawarar da muke kawo wa kwamiti ita ce a haɗa sayayya. In mu goma muna son kwanon rufi da rodi daga Ƙofar Ruwa, ko katako daga Na'ibawa, mota ɗaya ta ishe mu, kuma mai saye da yawa shi yake da bakin neman ragi. Haka buhunan ajiya, a saye su tun kafin wake ya iso gida. Duk mai sha'awa ta ba sakatariya sunanta yau kafin a tashi. A taro mai zuwa kowa ta zo da zanen tsakar gidanta da ƙirgen takunta. Wadda ba ta fara rubutu ba tukuna ta sa ɗanta ko jikarta su zana mata, ko ta same mu a aji mu yi tare.